Yadda Ake Gudanar da Binciken Babban Digiri a Kan Tsara Kiyaye Halittu a Zamanin Sauyin Yanayi

Duk wanda ya ƙudiri yin digiri na biyu ko digirin digirgir a wannan fanni ya kamata ya fara fahimtar cewa tambayar da fannin yake ƙoƙarin amsawa gajeruwa ce, ko da yake amsarta tana da tsawo: idan kuɗi kaɗan ne, ƙasa kuma tana da masu ita da masu cin abinci a kanta, wane wuri za a kiyaye, da wane irin mataki, kuma wanne za a fara? Sauyin yanayi ya ƙara wa tambayar nauyi, domin iyakar gandun daji tana nan a inda aka shata ta, halittun da aka killace wurin dominsu kuwa ba sa zama wuri ɗaya. Wani nazari da aka buga a mujallar Science a 2011, wanda ya tattara sakamakon bincike masu yawa, ya nuna cewa halittu suna matsawa zuwa yankunan da suka fi sanyi da matsakaicin kilomita 16.9 a kowace shekara goma, a kan tsaunuka kuma suna hawa sama da kimanin mita 11 a daidai wannan lokaci. Gandun da aka tsara bisa inda dabba take a yau yana iya wayar gari bayan shekara hamsin yana gadin wurin da ta riga ta bari.

Fara da shawarar da wani zai yanke

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya fara da manhaja. Ya koyi yadda ake fitar da taswira mai launuka, sannan ya shiga neman matsalar da zai liƙa mata. Hanyar da ta fi dacewa ita ce akasin haka: ka nemi shawarar da wata hukuma, ko wata al'umma, ko wata ƙungiya za ta yanke nan da 'yan shekaru, ka gina bincikenka a kan abin da suke bukatar sani kafin su yanke ta. A 2008 Andrew Knight da abokan aikinsa sun duba nazarce-nazarcen zaɓen wuraren kiyayewa da aka buga a mujallu, suka gano cewa kimanin kashi biyu cikin uku ba su kai ga wani aiki a ƙasa ba, kuma babban dalilin shi ne masu binciken ba su tanadi hanyar aiwatarwa ba tun farko. Wannan sakamako ya isa ya sa ɗalibi ya tashi daga gaban kwamfuta a watansa na farko.

Abin yi shi ne ka karanta kundin tafiyar da gandun ko yankin da kake sha'awa, idan yana da shi, tare da tsarin ƙasar na kiyaye halittu da tsarinta na daidaitawa da sauyin yanayi, waɗanda ƙasashe suke miƙawa a ƙarƙashin yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga nan ka nemi ganawa da masu kula da wurin, ka tambaye su abin da yake hana su barci, kuma kada ka tambaye su abin da suke so a bincika, domin wannan tambayar takan jawo amsa ta ladabi wadda ba ta da amfani. Ka tambaye su wace shawara ce take jiransu, wa zai sa hannu a kanta, da kuma lokacin da za a yanke ta.

Ga bambancin da wannan yake kawowa. Ɗalibin da ya rubuta cewa zai binciki tasirin sauyin yanayi a kan tsuntsayen wani yanki bai faɗi komai ba tukuna, domin ba a san inda aikin zai tsaya ba, kuma babu sakamakon da zai iya ƙaryata shi. Wanda ya rubuta cewa hukuma tana da damar ƙara fili ɗaya cikin filaye uku da ke maƙwabtaka da gandun, kuma shi yana son gano wanne ne zai ci gaba da dacewa da wasu tsuntsaye goma zuwa 2050 a ƙarƙashin hasashe daban-daban na ruwan sama da zafi, ya riga ya san bayanan da zai tara, da hanyar da zai bi, da mutumin da zai karanta sakamakon. Digiri na biyu yana ɗaukar tambaya ɗaya irin wannan. Digirin digirgir yana ɗaukar uku ko huɗu da suke da igiya ɗaya, kuma ana sa ran aƙalla ɗaya daga cikinsu za ta ƙara wa fannin wani abu da ya wuce wurin da aka yi aikin. Ba a tauna taura biyu lokaci guda, kuma mafi yawan kundayen da suke maƙalewa sun maƙale ne saboda faɗi, ba saboda ƙanƙanta ba.

Game da zaɓen malamin da zai duba aikin, sunansa a duniya bai kai samun lokacinsa muhimmanci ba. Ka duba abin da ya buga a shekaru biyar da suka wuce, ka yi magana da ɗalibansa na baya, kuma idan ya ƙware a ilimin halittu amma bai taɓa aikin hasashen yanayi ko hira da jama'a ba, ka nemi a haɗa masa mataimaki daga wancan ɓangaren tun kafin a amince da ƙudurin binciken.

Tushen da ba a tsallakewa

Akwai tunani guda da fannin gaba ɗaya ya ginu a kansa, wato cike giɓi. A ce akwai wurare uku, kuma kuɗi ya isa a kiyaye biyu kawai. Na farko yana da nau'in tsiro 100, na biyu yana da 90 amma 85 daga cikinsu suna nan a na farko, na uku kuwa yana da 40 kacal waɗanda 35 daga cikinsu babu su a sauran biyun. Wanda ya jera wuraren bisa yawan halittu zai ɗauki na farko da na biyu ya tsira da nau'i 105, wanda ya nemi abin da kowane wuri yake ƙarawa a kan abin da aka riga aka samu zai ɗauki na farko da na uku ya tsira da aƙalla 135. Jamie Kirkpatrick ya yi amfani da wannan dabara a tsibirin Tasmaniya a 1983, sannan Chris Margules da Bob Pressey suka tsara fannin mataki-mataki a maƙalarsu ta mujallar Nature a 2000, wadda har yau ita ce ƙofar shiga. Ka karanta ta da kanka, kada ka dogara da abin da wasu suka taƙaita daga cikinta.

Ya kamata kuma ka san dalilin da ya sa aka bukaci wannan tsari. Lucas Joppa da Alexander Pfaff sun nuna a 2009 cewa gandayen duniya sun fi karkata zuwa wurare masu tsawo, masu gangara, masu nisa da hanyoyi da birane, wato inda manomi da mai hakar ma'adinai ba sa so. Kiyaye irin waɗannan wurare yana da sauƙi a siyasance, amma sau da yawa ba ya hana wata ɓarna, tunda dama babu mai niyyar taɓa su. Wannan batu ya ƙara zafi tun daga Disamban 2022, lokacin da ƙasashe suka amince a Montiriyal ta Kanada da burin kiyaye kashi 30 cikin 100 na ƙasa da na teku kafin 2030, bayan tsohon burin da aka tsayar a Nagoya ta Japan a 2010 na kashi 17 na ƙasa da kashi 10 na teku. Adadi yana iya cika ba tare da an ceci komai ba, kuma ɗalibin da zai iya nuna wane kashi 30 ɗin ne ya dace yana yin aikin da ake bukata. A ɓangaren yanayi kuwa, rahoto na shida na IPCC, wato kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ne madogara: kashin da ya fito a 2021 ya kiyasta cewa zafin duniya a tsakanin 2011 da 2020 ya haura na 1850 zuwa 1900 da kimanin maki 1.1 a ma'aunin salshiyos, kashin 2022 kuma shi ne ya yi magana a kan illa da daidaitawa. Idan jami'arka ba ta biyan kuɗin mujallu, ka tambayi ɗakin karatu ko tana cikin shirin Research4Life, wanda yake buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallu.

Bayanai, da inda suke yaudara

A nan ne rabin lokacinka zai tafi, kuma a nan ne ya kamata ya tafi. Babbar taskar bayanan inda aka ga halittu ita ce GBIF, wadda ofishinta yake Kofanhegan, kuma tana ɗauke da bayanai sama da biliyan biyu kyauta. Yawan ya kan ruɗi sabon shiga. Tsuntsaye ne suka mamaye taskar, galibi ta hanyar shirin eBird na jami'ar Cornell, kuma Turai da Arewacin Amurka sun fi sauran duniya wakilci nesa ba kusa ba. Ko a cikin ƙasa ɗaya, ɗigon bayanan yana bin manyan hanyoyi, da gefen birane, da wuraren da masu yawon buɗe ido suke sauka. Idan ka zuba su a manhaja yadda suke, abin da za ta koya shi ne inda masu kallon tsuntsaye suke zuwa, ta miƙo maka shi da sunan inda tsuntsaye suke zama.

Saboda haka sai an yi tankaɗe da rairaya. Ka cire bayanan da aka ɗora a tsakiyar ƙasa ko a babban birninta saboda wanda ya shigar da su bai san ainihin wurin ba, da waɗanda suka faɗa a harabar gidan tarihi ko gidan namun daji, da na dabbar tudu da suka faɗa a teku saboda an juya lambobin wuri, da waɗanda lambobinsu sifili da sifili ne. Ka duba sunayen kimiyya, domin nau'i ɗaya yana iya zuwa da suna biyu ko uku, na da da na yanzu. Ka rage cunkoso a inda ɗigo ya taru. Kowane mataki ka rubuta adadin da ka cire da dalilin cirewa, domin za a tambaye ka. Tsofaffin samfurorin gidajen tarihi da ɗakunan adana tsirrai kada ka raina su don sun tsufa. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma su ne kaɗai suke iya gaya maka inda wata halitta take shekara ɗari da suka wuce, wanda shi ne ma'aunin ko ta matsa.

Bayanan yanayi ma suna da nasu tarkon. WorldClim, wanda kusan kowa yake amfani da shi, yana ba da ma'aunai 19 na zafi da ruwan sama a kan taswirar da aka yanka gida-gida, kowane gida mai faɗin kimanin kilomita ɗaya, kuma fitowarsa ta biyu ta ginu a kan shekarun 1970 zuwa 2000. Kyawun taswirarsa yana ɓoye gaskiyar cewa an cike tsakanin tashoshin auna yanayi ne da lissafi, don haka a yankin da tashoshi suka yi ƙaranci, ko a kan tsaunuka inda yanayi yake canzawa daga kwari zuwa kwari, adadin da ke cikin kowane gida kiyasi ne. Ka gwada shi da CHELSA, wata taskar bayanan yanayi irinsa, ruwan sama kuma ka gwada da CHIRPS, wanda yake haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da tashoshin ƙasa tun daga 1981. Idan suka saɓa wa juna a yankinka, wannan saɓanin kansa sakamako ne da ya cancanci shafi a kundinka. Domin ganin yadda daji ya koma gona ko gari, hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat sun faro tun 1972 kuma an sake su kyauta a 2008, na Sentinel-2 kuwa sun faro a 2015 kuma sun fi fito da ƙananan abubuwa. Iyakokin gandaye suna cikin taskar Protected Planet, amma ka tabbatar da su a wurin hukumar ƙasar, domin wani gandun yana nan a taswira alhali a ƙasa an daɗe da nome shi. Gani ya kori ji: ko da bincikenka na kwamfuta ne tsantsa, ka ware makonni ka taka wasu daga cikin wuraren da taswirarka take magana a kansu.

Sai batun hasashen gaba, wanda a ganina shi ne wurin da ake bambance ɗalibin da ya fahimci aikinsa da wanda ya bi umarnin manhaja kawai. Babu hasashe ɗaya na yanayin 2050 ko 2070. Akwai tsare-tsaren hasashe masu yawa daga cibiyoyi daban-daban, waɗanda aka tattara a ƙarƙashin shirin CMIP6, kuma kowanne ana gudanar da shi a kan zato daban game da yawan hayaƙin da ɗan'adam zai fitar, daga SSP1-2.6 mai sauƙi, zuwa SSP2-4.5 na tsaka-tsaki, har SSP5-8.5 mai tsanani. A kan ƙaruwar zafi sun yi ittifaƙi, bambancinsu a yawa ne. A kan ruwan sama kuwa, a wasu yankuna kamar Sahel, wasu suna cewa zai ƙaru wasu suna cewa zai ragu. Ɗalibin da ya ɗauki tsari ɗaya da zato ɗaya, musamman mafi tsanani domin sakamakonsa ya fi tayar da hankali, ya ba mai yanke shawara tabbacin da babu shi. Haka kuma wanda ya haɗa su duka ya fitar da matsakaici yana iya samun yanayin da babu tsari ko ɗaya da ya yi hasashensa, kamar a ce ruwa ba zai canza ba alhali rabi sun ce fari rabi sun ce ambaliya. Abin da ya fi shi ne ka zaɓi kaɗan da suke wakiltar gefe da gefe, mai zafi da bushewa, mai zafi da damshi, da na tsakiya, ka gudanar da aikinka a kan kowanne daban, sannan ka nemi wuraren da suka ci gaba da fitowa ko ta wace hanya aka bi.

Manhajoji da iyakarsu

Kayan aikin yau da kullum kyauta ne: QGIS domin taswira, harshen kwamfuta na R domin lissafi. Ka koyi R da wuri ko da zai ci maka wata biyu, domin aikin da aka rubuta umarninsa ana iya maimaita shi cikin dare ɗaya idan an gano kuskure, wanda aka yi da danne-danne kuwa sai an sake shi daga tushe.

Domin hasashen inda halitta za ta iya zama, MaxEnt, wanda Steven Phillips da abokan aikinsa suka gabatar a 2006, shi ne ya fi yaɗuwa. Abin da yake yi shi ne ya kwatanta yanayin wuraren da aka ga halittar da yanayin yankin gaba ɗaya, ya fitar da taswirar dacewa. Bai san ko halittar tana iya tafiya zuwa sabon wurin ba, bai san ko akwai babbar hanya ko gonaki a tsakani ba, bai san abincinta ko maƙiyinta ba, kuma idan yanayin gaba ya wuce duk abin da ya gani a bayanan yau, shaci-faɗi yake yi. Ka fitar da taswirar da take nuna inda hakan ya faru, ka ajiye ta kusa da ta sakamako. Wajen gwada ingancinsa, kada ka raba ɗigon bayanai barkatai, domin ɗigon da ke kusa da juna suna kama da juna, sai makin gwaji ya yi kyau ba bisa cancanta ba. Ka raba yankin gunduwa-gunduwa, ka koyar da shi a wasu, ka gwada shi a wasu masu nisa. Idan kuma bayanan halittu sun yi ƙaranci ƙwarai, akwai hanyar da ba ta bukatar su, wato auna saurin tafiyar yanayi: nisan da halitta za ta yi a shekara domin ta ci gaba da zama a zafin da ta saba. Scott Loarie da abokan aikinsa sun kiyasta matsakaicinsa a duniya da kilomita 0.42 a shekara a nazarinsu na 2009, kuma sun nuna cewa ya fi sauri a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya fi jinkiri a tsaunuka, inda hawa kaɗan yake kai halitta ga sanyi.

Domin zaɓen wurare, akwai Marxan, wanda Ian Ball da Hugh Possingham suka ƙirƙira a Ostireliya, yana neman rukunin wurare mafi arha da zai cika burin da ka gindaya wa kowace halitta. Akwai Zonation na Atte Moilanen daga jami'ar Helsinki, wanda yake jera duk faɗin yankin daga mafi muhimmanci zuwa mafi ƙaranci, sai kuma prioritizr a cikin R. Ko wanne ka ɗauka, abu biyu ne suke juya sakamakon, kuma dukansu daga gare ka suke fitowa: burin da ka sa, da kuma yadda ka auna tsadar kowane wuri. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar faɗin fili a matsayin tsada saboda sauƙi, wanda yake nufin kadadar hamada da kadadar fadama daidai suke, abin da babu manomin da zai yarda da shi. Ka nemi ma'aunin abin da mutane za su rasa, ko amfanin gona ne, ko kiwo, ko kamun kifi, ka canza shi ka ga yadda taswirar take motsi.

Misalin da ya kamata kowane ɗalibi ya nazarta shi ne na babban tsaunin murjani na cikin teku a gabar Ostireliya, wato Great Barrier Reef. A 2004 an sake raba shi shiyya-shiyya tare da taimakon Marxan da dogon tuntuɓar jama'a, wuraren da aka hana kamun kifi suka tashi daga ƙasa da kashi 5 cikin 100 zuwa kimanin kashi 33. Aiki ne da ake buga misali da shi a duniya. Duk da haka, a 2016 da 2017, sannan a 2020 da 2022 da 2024, ɗumin ruwan teku ya koɗar da murjanin a faɗi mai yawa, ciki da wajen shiyyoyin da aka killace. Killacewa tana tsayar da masunci, ba ta tsayar da zafi. Don haka kundinka ya fayyace wace barazana ce matakin da kake ba da shawara zai rage, wacce kuma ba zai taɓa ba.

Matakan daidaitawa da kansu ba su da yawa, amma kowanne yana da gardamarsa. Akwai kiyaye mafaka, wato kwaruruka, da bakin ƙoramu, da gefen dutse mai inuwa, inda yanayi yake jinkirin canzawa. Waɗannan sukan fi gidan kilomita ɗaya ƙanƙanta, don haka ana gano su ne ta hanyar dasa ƙananan na'urorin auna zafi a ƙasa, kuma wannan aiki ne mai kyau ga ɗalibin digiri na biyu. Akwai buɗe burtali tsakanin gandaye domin halittu su sami hanyar matsawa, kamar shirin da ya haɗa gandun Yellowstone na Amurka da yankin Yukon na Kanada. Akwai kuma ɗaukar halitta da hannu a kai ta inda ba ta taɓa zama ba, wanda ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma masana suna jin tsoronsa saboda baƙuwar halitta tana iya zama annoba. Sai dai jinkiri ma yana da nasa hatsari. Wani ɓera da ke zaune a ɗan ƙaramin tsibirin Bramble Cay na Ostireliya kaɗai, wanda aka yi wa ganin ƙarshe a 2009, ya ƙare bayan da ruwan teku ya riƙa malale tsibirin yana kashe ciyayin da yake ci, gwamnatin Ostireliya kuma ta tabbatar da ƙarewarsa a 2019. Hukumar gandayen Amurka ta taƙaita zaɓin zuwa uku: a yi tsayin daka a hana canjin, ko a karɓe shi, ko a karkata shi zuwa inda ake so. Amfanin wannan rabe-rabe ga ɗalibi shi ne yana tilasta masa ya faɗi wanne yake ba da shawara, maimakon ya fake da kalmar juriya wadda kowa yake fassara ta yadda ya ga dama.

Mutanen da ke cikin taswirar

Sauyin yanayi ba ya isa ga halittu ta zafi da ruwa kaɗai, yana isa gare su ta hannun mutanen da su ma suke neman mafita. Manomin da fari ya kora zai sari sabon daji, gwamnati za ta gina madatsar ruwa ko katangar bakin teku, makiyayi zai canza hanyarsa, kuma sau da yawa wurin damshin da taswirarka ta nuna a matsayin mafakar dabba shi ne wurin da jama'a za su nufa. Kundin da ya yi hasashen tafiyar tsuntsu ya bar mutum a tsaye wuri ɗaya ya yi rabin aiki. Akwai kuma tarihin da ba a mantawa: tun daga Yellowstone, wanda aka kafa a 1872, an raba al'ummu da yawa da ƙasarsu da sunan kiyaye daji. Layin da ka ja a kwamfuta yana iya zama dalilin tashin wani ƙauye.

Saboda haka izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a, da izinin hukumar gandun, da amincewar al'ummar da za ka yi aiki a cikinta bayan an yi musu cikakken bayani, duk ka nema su da wuri, domin sukan ɗauki watanni, kuma damina ko lokacin ƙaurar tsuntsaye ba ya jiran takarda. Idan za ka fitar da samfurin tsiro ko na dabba zuwa wata ƙasa domin gwaji, yarjejeniyar Nagoya, wadda ta fara aiki a 2014, ta shafe ka. Wajen hira kuwa, ka gwada tambayoyinka a kan mutum biyar ko shida kafin ka fara, kuma kada ka tambayi mutum ko ya lura da sauyin yanayi, domin zai ce e don ya faranta maka. Ka tambaye shi yaushe rafin yake ƙafewa a da, yaushe yake ƙafewa yanzu, sannan ka gwada amsarsa da bayanan ruwan sama. Kuɗin aikin fili ana iya neman sa daga gidauniyar Rufford ko shirin Conservation Leadership Programme, waɗanda suke tallafa wa masu tasowa, kuma dukansu sun fi sauraron ƙudurin da ya nuna wanda zai yi amfani da sakamakon.

Rubutu kada ya jira ƙarshen aiki. Babin hanyoyin bincike ana rubuta shi ne a ranar da ake yin aikin, lokacin da kake tuna dalilin da ya sa ka ɗauki wannan adadi ka bar wancan. Ka adana lambar shaidar da GBIF take bayarwa a kan kowane saukewa, ka ajiye kwafin bayananka a wuri biyu aƙalla, kuma idan halittar da kake nazari tana da masu farautarta ko masu fataucinta, ka dusashe ainihin wuraren da ka same ta kafin ka buga taswira. Ka yi hattara da mujallun da suke aiko da saƙon gayyata suna alkawarin bugawa cikin mako guda. A ranar kare kundi, tambayoyin da za su zo sanannu ne: me ya sa wannan buri ba wani ba, me zai faru idan ruwan sama ya bi ɗayar hanyar, ina ne taswirarka ta fi rauni. Ka shirya wa kowacce hoto ɗaya. Bayan an sa hannu, ka koma wurin mutanen da ka fara ganawa da su da takarda mai shafi biyu, a harshen da suke aiki da shi, ɗauke da taswira ɗaya da ta raba wuraren gida uku: waɗanda suka fito a kowane hasashe, waɗanda suka fito a wasu kawai, da waɗanda ba za a iya cewa komai a kansu ba sai an je an ƙirga abin da ke cikinsu.